Jininsa ya fito lafiya: shin maigidana ya tsira daga gubar kadmiyam?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu uku, ina goyon na ƙarshe. Maigidana ya fi shekara goma yana sana'ar gwangwan a Legas. Aikinsa yanka ƙarafa da wutar gas, ƙona wayoyi don a ciro jan ƙarfe, da fasa tsofaffin injina da batura. Wata bakwai ke nan da ya dawo gida saboda ciwon baya da kasala, kuma fitsarinsa yana kumfa. Likitan da ya duba shi ya ce akwai furotin a fitsarin, da ya ji irin aikinsa sai ya rubuta a gwada wani ƙarfe mai guba a jininsa, wai kadmiyam. Na sayar da 'yan kunnena muka biya, aka aika jinin wani gari. Sakamako ya fito 2.1, a gefe kuma an rubuta cewa ƙasa da 5 ba matsala. Yanzu ya ce na sa an yi asarar kuɗi a banza, ba zai koma asibiti ba, bayan Sallah zai koma bakin aikinsa. Yana shan sigari. Mahaifiyarsa ta kawo masa jiƙon wanke jini yana sha. Don Allah, Likita, da gaske ya tsira? Ni da yara ya kamata a gwada mu? Kuma akwai maganin da ke fitar da wannan guba, irin wanda aka ba yaran Zamfara?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

'Yan kunnenki ba su tafi a banza ba. Likitan da ya tsaya ya tambayi mutum sana'arsa kafin ya ɗauki biro ya yi aikinsa yadda ya kamata, ke ma da kika nace aka yi gwajin kin yi daidai. Sai dai takardar da ke hannunku ba ta wanke maigidanki ba, ba ta kuma tabbatar da cewa kadmiyam ne ke damun sa ba. Abin da jini ya fi nunawa shi ne yawan gubar da ta shiga jikin mutum a 'yan watannin baya. Abin da ya taru a ƙodarsa cikin shekara goma da wani abu, da kuma ko ya fara yi mata illa, wannan a fitsari ake ganin sa, kuma shi ne ba a kai ga dubawa ba tukuna.

Kadmiyam ƙarfe ne mai laushi, ana samun sa a ƙasa tare da tutiya. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar sa ko ƙanƙani, kuma ba shi da hanyar fitar da shi da sauri. A irin filin da maigidanki yake aiki yana ɓoye a wurare da dama. Akwai shi a batura masu caji na da, waɗanda aka rubuta Ni-Cd a jikinsu, irin na tsofaffin injinan huda bango marasa waya da fitilun ko-ta-kwana. Ana shafa shi a jikin noti da ƙusoshi da ƙarafan jiragen sama da na ruwa don kada su yi tsatsa. Da shi ake haɗa wasu launukan ja da ruwan ɗorawa a tsofaffin robobi da fenti, akwai shi kuma a wasu sandunan liƙi na azurfa da masu gyaran firji ke narkawa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a irin waɗannan sanduna da kayan ado tun 2011, amma kayan da ke ƙarewa a filin gwangwan tsofaffi ne, da yawansu an ƙera su tun kafin irin waɗannan dokoki. Matuƙar ƙarfen yana ajiye, ba ya yin komai. Da zarar an sa masa wuta sai ya tashi ya zama hayaƙi, kuma ta nan ya fi shiga jiki. Idan mutum ya haɗiye shi a abinci, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai hanji ke ɗauka. Idan shaƙa ya yi, huhu na iya ɗaukar daga kashi 10 har zuwa kashi 50. Shi ya sa mai riƙe da wutar gas ya fi kowa a filin shiga haɗari.

To, ga dalilin da ya sa na ce jini bai gama magana ba. Ki ɗauki jini a matsayin hanyar gona, ƙoda da hanta kuma rumbu. Lokacin kaka hanya cike take da jakuna da amalanke ɗauke da dami. Wanda ya zo ya tsaya a bakin hanyar nan da bazara zai ga ba kowa, amma hakan bai nuna rumbu a wofi yake ba. Kadmiyam yana yawo a jini ne na ɗan lokaci, sannan ya sauka a hanta da ƙoda, ya manne da wani furotin a can ya zauna. Babban kason da ke cikin jini yana raguwa rabi a kowane wata uku zuwa huɗu bayan mutum ya bar wurin da yake shaƙa. Wanda ya sauka a ƙoda kuwa sai ya ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ya ragu rabi. Maigidanki ya yi watanni a gida kafin a ɗebi jininsa, saboda haka abin da hayaƙin aiki ya zuba masa a jini ya riga ya yi ƙasa sosai. Da a makon da ya dawo daga Legas aka ɗiba, da wataƙila wata lamba dabam kuka gani.

Ita kanta lambar 5 da aka rubuta a gefen takardar, ya kamata ki san inda ta fito. Ma'auni ne na maikrogiram 5 a kowace litar jini (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa a dokarta ta kadmiyam a 1992, domin sa ido a kan mutanen da suke cikin aikin a halin yanzu. Idan ma'aikaci ya haura 5 sai a ƙara bincike, idan ya haura 10 a janye shi daga wurin. Ba ita ce lambar mutumin gari da bai taɓa cuɗanya da wannan ƙarfe ba. Wanda ba ya shan taba, ba ya kuma irin wannan aiki, yawanci jininsa ba ya kai 1. Ke nan 2.1 ta ninka abin da ake tsammani ga mutumin gari, ko da yake ba ta kai ta tayar da hankali ba. Kuma ita dokar ta Amurka ba ta taɓa yarda a dogara da jini shi kaɗai ba. Gwaji uku ta wajabta a haɗa: kadmiyam a jini, kadmiyam a fitsari, da wani ƙaramin furotin a fitsari. An yi muku ɗaya, saura biyu.

Sai sigari, wadda ita ta ƙara rikita lissafin. Ganyen taba yana zuƙar kadmiyam daga ƙasa fiye da yawancin tsirrai. A kowane kara akwai kamar maikrogiram 1 zuwa 2, kuma kusan kashi goma cikin ɗari na wannan yana bin hayaƙi ya shiga huhu. Masu shan sigari sukan ninka marasa sha sau huɗu ko biyar a jini, abin da ke taruwa a ƙodarsu kuma yakan kai ninki biyu. Saboda haka wannan 2.1 tana iya zama ta taba kaɗai, tana iya zama ragowar abin da ya kwaso a wurin aiki, tana iya zama duka biyun. Ko wanne ne, magana ɗaya ce: maigidanki ya bar filin gwangwan wata bakwai, amma bai daina shaƙar kadmiyam ko na yini ɗaya ba. Shisha ma taba ce, kada wani ya ce masa ya koma can.

Abin da nake so ku nema yanzu, ku koma wurin likitan nan da ya fara gano bakin zaren, ko ya tura ku sashen ƙoda na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke kusa da ku. A auna kadmiyam a fitsari, a kwatanta shi da kiriyatinin na fitsarin, wato wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa kullum, domin fitsari wani lokaci yakan yi kauri wani lokaci ya tsinke, kwatantawar ce ke daidaita lissafi. A ma'aunin OSHA, abin da bai haura maikrogiram 3 a kowane giram na kiriyatinin ba shi ne daidai, wanda ya haura 7 kuma ba a barin sa a bakin aiki. Sannan a auna ƙaramin furotin ɗin da ake rubutawa B2M a takardar gwaji. Lafiyayyar ƙoda tana tace shi ta sake mayar da shi jiki, amma idan kadmiyam ya taɓa ƙananan bututun ƙoda sai ya riƙa zubewa a fitsari. Ƙasa da 300 lafiya ne. Idan ya ɗan haura, kuma mutum ya daina shaƙar gubar, ana iya samun sauƙi. Idan ya wuce 1,000 da wuya ya koma yadda yake. Dole a karanta gwaje-gwajen biyu tare, domin ƙodar da ta riga ta lalace sosai takan zubar da kadmiyam ɗin da ta tara, daga baya lambarsa a fitsari ta yi ƙasa alhali ɓarnar ta riga ta auku.

Yadda ake ɗiba ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Abin da ake nema ɗan mitsitsi ne ƙwarai, har ƙurar hannu ko gorar da ba ta dace ba na iya ɓata sakamako. Kada ku kai fitsari daga gida a gorar lemo ko kwalbar magani, a karɓi mazubi na musamman daga ɗakin gwajin, ya wanke hannu da sabulu, kada kuma ya taɓa sigari kafin ya yi. Shi B2M yana lalacewa idan fitsari ya daɗe a mara ko ya yi tsami, don haka ba a son fitsarin farko na asuba. Akan ce mutum ya fara zubar da wanda ke mararsa, ya sha ruwa kofi babba, sannan ya ba da wanda ya taru cikin awa ɗaya, ma'aikatan kuma su sa masa abin da zai hana shi lalacewa a hanya. Idan yana zazzaɓi a jira ya warke, domin zazzaɓi kan ɗaga lambar. Ki kuma duba tsohuwar takardar ko ki tambaya: da jini cikakke aka yi gwajin, ko da ruwan saman jini bayan an tace? Kadmiyam a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zama, saboda haka gwajin da aka yi da ruwan sama kaɗai ba abin dogaro ba ne. Kwalbar da ake ɗibar jinin ma ta musamman ce, marar gurɓacewar ƙarfe, yawanci mai murfi shuɗi mai duhu.

Ina so kuma in ja hankalinki kada ku rataya komai a wuyan kadmiyam. Ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari a asibiti ya fi gane babban furotin, irin wanda hawan jini da ciwon suga ke sa ƙoda ta zubar. Ƙananan furotin da kadmiyam ke fara fitarwa sukan wuce tsinken bai gan su ba. Tunda har tsinke ya nuna, kuma kina ganin kumfa da idonki, wajibi ne a auna hawan jininsa ba sau ɗaya ba, a auna sukarinsa, a auna kiriyatinin na jini don a san ƙarfin tacewar ƙoda, a ɗauki hoton ƙodar. Waɗannan gwaje-gwaje suna da sauƙin kuɗi, ana yin su a nan gida, kuma idan aljihu bai kai ga yin duka lokaci ɗaya ba, da su za ku fara. Hawan jini da suga suna cikin abubuwan da suka fi kai mutanenmu ga wankin ƙoda, kuma suna da magani. Akwai wata alama da likitan zai lura da ita: idan aka ga suga a fitsari alhali sukarin jini daidai yake, wannan yana nuna bututun ƙoda ne suka taɓu, abin da ke ƙara sa a zargi ƙarfe mai guba.

Sannan dalma. Mutumin da ya yi shekara goma yana ƙona waya yana fasa batura, ni dalma na fi ji masa tsoro kafin kadmiyam. Batirin mota da na sola irin mai nauyin nan dalma ce a cikinsu, ba kadmiyam ba. Ita ma tana lalata ƙoda, tana kawo hawan jini, kasala, ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi. Idan ba a gwada ta ba, a roƙi likita ya haɗa da ita.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta Zamfara. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran wani magani da ake kira DMSA, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen. Wannan magani ya ceci rayuka da yawa. Amma kadmiyam da ya daɗe a jiki ba ya jin irin wannan magani. Ya riga ya shige cikin ƙwayoyin ƙoda da hanta inda maganin ba ya isa, wasu magungunan ma idan suka motso shi sai su tattara shi a ƙoda su ƙara mata ciwo. Har yau babu wani magani da aka tabbatar yana fitar da tsohon kadmiyam daga jikin mutum lafiya. Duk wanda ya ce miki yana da allura, ƙarin ruwa, shayi ko ƙwaya ta wanke wannan guba, ki riƙe kuɗinki.

Jiƙon da Hajiya ta kawo, ƙauna ce ta sa ta kawo shi, babu uwar da za ta ga ɗanta yana rama ta naɗe hannu. Amma ki sani, duk abin da ya sha ƙodar nan ce za ta tace shi, kuma ƙodar da ke zubar da furotin ba ta da ƙarfin ɗaukar abin da ba a san haɗinsa ko ma'auninsa ba. Ina roƙon a dakatar da shi har a ga sakamako. Haka kuma magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis, musamman diclofenac da ibuprofen da haɗin nan da ake ƙullawa a leda. Mai ciwon baya yakan mayar da su abincin kullum, su kuwa suna cikin abubuwan da suka fi gaggauta lalacewar ƙoda mai rauni. Ciwon bayan nasa yana iya zama na ɗaukar kaya masu nauyi, yana iya zama tsakuwar ƙoda, wadda kadmiyam kan jawo saboda yana sa jiki ya zubar da sinadarin kalsiyam a fitsari. Hoto zai bambance. Kafin nan ya tsaya ga abin da likita ya rubuta.

Kada rashin maganin wankewa ya karya miki gwiwa. Ƙodar da aka daina ƙara mata guba, aka daidaita hawan jini da suga, aka nisanta ta da magungunan da ke cutar da ita, takan yi wa mutum aiki shekaru masu yawa ko da ta ɗan taɓu. Abin da ke kai mutane ƙasa shi ne ci gaba da shaƙa bayan alama ta bayyana.

Ke da yara kuwa, ki kwantar da hankalinki. Kadmiyam ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta kwanciyar aure ba, ba ta cin abinci a kwano ɗaya ba. Yana isa gida ne ta ƙurar tufafi da takalman aiki, ko idan ana kawo kayan a fasa ko a ƙona a tsakar gida. Tunda a Legas yake aikinsa ku kuna Kano, idan bai taɓa yin irin wannan aiki a gidan ba, ban ga dalilin kashe kuɗi a gwada ku ba, gara kuɗin su tafi ga gwajin fitsarinsa. Idan kuwa ya taɓa ƙona waya ko fasa batir inda yara ke rarrafe, to dalma za a gwada musu, domin ita ce ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Ki ci gaba da shayar da jaririnki, abin da ke bi ta nono kaɗan ne ƙwarai. Abin da ke isa huhun yaranki a kullum shi ne hayaƙin sigarin mahaifinsu idan yana sha a ɗaki.

Abu ɗaya zan ce ki kula da shi a jikinki, wato ƙarancin jini. Hanyar da hanji ke bi ya ɗauki sinadarin ayon, mai gina jini, daga abinci, ita kadmiyam ke bi, saboda haka macen da ayon ɗinta ya yi ƙasa saboda haihuwa da shayarwa ta fi ɗaukar sa daga abinci. An ga haka ƙarara a Japan, a yankin Toyama, inda wata mahaƙar ma'adinai ta daɗe tana zubar da dagwalonta a kogin Jinzu, manoma kuma suna shayar da shinkafarsu da ruwan, suna sha. Waɗanda cutar da aka sa wa suna itai-itai ta fi kamawa mata ne da suka manyanta bayan haihuwa da yawa: ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har yana karyewa da ɗan motsi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa kadmiyam ne sanadi. Waɗancan sun yi shekaru masu yawa suna cin gurɓatacciyar shinkafa, halinku ba irin nasu ba ne. Na kawo shi ne don ki ɗauki maganin ƙarin jini da ake ba ki a asibiti da muhimmanci. Shi kuma maigida kada ya mayar da hanta da ƙodar dabbobi abincin yau da gobe, domin dabba ma a nan take tarawa, kuma ku guji ganyayyakin da kuka san da ruwan masana'antu ake ban ruwansu.

Batun komawarsa aiki shi ya fi tsaya min a rai. Ba zan ce miki ya bar sana'ar da yake ciyar da ku da ita ba tare da wata madafa ba, na san yadda rayuwa take. Amma kada ya sake riƙe wutar yanka ko ya tsaya kan wutar ƙona waya kafin a ga sakamakon fitsarin. Idan ya nuna ƙoda ta taɓu, to ya yi sallama da ɓangaren wuta ke nan. Sana'ar gwangwan tana da faɗi: akwai saye, akwai awo a sikeli, akwai dillanci da lodin mota, mutumin da ya yi shekara goma a ciki ya san kan kasuwar da zai iya tsayawa a ɗaya daga cikinsu. Idan sakamako ya yi kyau ya koma, to a fili zai riƙa yanka, iska tana kaɗa hayaƙin gaba ba fuskarsa ba. Waya a feɗe ta da wuƙa ko inji maimakon ƙonawa. Batirin da aka rubuta Ni-Cd kada a fasa shi, kada a jefa shi wuta. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan hayaƙi, sai takunkumin roba mai matatai a gefe da aka rubuta P100 ko P3, wanda ke kama fuska sosai. Kada ya ci abinci ko goro da hannun aiki, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shiga inda yake kwana. Madarar gwangwani da masu walda ke sha bayan aiki wai don ta wanke hayaƙi, cikinsu take tafiya, hayaƙin kuwa yana huhu.

Ki kuma gaya masa wannan, domin abokan aikinsa ma su ji. Hayaƙin kadmiyam mai yawa yana iya kashe mutum daga aikin yini ɗaya. A 1966 an ba da rahoton ma'aikata biyar a gadar Severn ta Birtaniya da suka yanka noti masu shafen kadmiyam da wutar gas a wuri marar iska. Duka biyar suka kwanta, ɗaya ya rasu bayan 'yan kwanaki. Mugun halinsa shi ne lokacin aikin mutum ba ya jin wani abin kirki. Sai bayan wasu awanni zazzaɓi, tari da ƙuncin ƙirji su taso, a ɗauka maleriya ce ko mura, alhali ruwa ne ke taruwa a huhu. Duk wanda ya ji haka a daren da ya yi yanka, asibiti zai nufa, ya kuma faɗi aikin da ya yi. Ban da wannan, tun 1993 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kadmiyam a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na huhu. Mai shan sigari da ke shaƙar wannan hayaƙi ya haɗa wa huhunsa abu biyu. Idan yana tari ko haki, a faɗa wa likita a ɗauki hoton ƙirji.

Idan a ƙarƙashin wani kamfani ya yi aikin, ku adana duk takardun asibiti, domin dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da ake samu ta dalilin sana'a.

Yadda za ki shawo kansa kuwa, ina ganin fushin nan nasa ba na kuɗi ba ne kaɗai. Magidancin da ya yi wata bakwai a zaune yana kallon matarsa ta sayar da kayan adonta saboda shi, takardar nan ta zame masa mafita, yana so ta zama ƙarshen magana. Kada ki tunkare shi da cewa takardar ba ta da amfani, kada kuma ki yi maganar a gaban yara ko mahaifiyarsa. Ki nuna masa kin yi farin ciki da jinin bai nuna abin tsoro ba, domin gaskiya ne, sannan ki ce saura a san dalilin kumfar nan kafin ya yi nisa da gida. Shi ma yana ganin kumfar, yana kuma jin bayan nasa. Idan akwai yayansa ko amininsa da yake jin maganarsa, ki sanar da shi a asirce ya raka shi asibiti. Maganar jiƙo kuma kada ta fito daga bakinki zuwa kunnen Hajiya. Ki roƙi likita ya faɗa wa maigidan, shi ya isar wa mahaifiyarsa cewa likita ya ce a dakata da komai har a gama gwaji, ita kuma a roƙe ta addu'a da sa baki a kan taba, wataƙila maganarta ta yi tasirin da taki ba ta yi ba. Idan ya yarda zai bar sigarin, ya gaya wa likita, akwai taimakon da ake bayarwa, ba sai ya yi kokawar shi kaɗai ba.

Kafin ranar asibiti, idan kika ga ƙafafunsa ko fuskarsa sun kumbura, ko fitsarin ya ragu sosai, ko jini ya fito a ciki, ko yana amai da haki, kada ku jira layin ganin likita, ku tafi sashen gaggawa a ranar. Idan sakamakon ya fito, ki aiko min da lambar kadmiyam ta fitsari, ta B2M, ta dalma da ta kiriyatinin na jini, tare da awon hawan jininsa, mu duba su tare in sha Allahu.